Takobin Baraden Poland: Ina Aka Ƙera Ruwansa?

Tambaya: Malam, na ga hoton tsohon takobin mahayan dawakin Poland, amma alamar da ke jikin ruwansa ta maƙeran Jamus ce. Shin jabu ne?

Amsa: Wannan kaɗai ba ya nuna jabu. A ƙarni na 16 da na 17, Poland tana shigo da ruwan takubba da yawa daga Passau da Solingen na Jamus, da Genoa ta Italiya, sannan maƙeran gida, ciki har da Armeniyawan birnin Lwów (Lviv ta ƙasar Ukraine a yau), su ɗora musu ƙota da kube. Maƙeran Passau sun shahara da alamar zanen kyarkeci a guje a jikin ruwan takobi, har wasu garuruwa suka riƙa kwaikwayonsa saboda ya ja masu saye.

Ƙotar ce ta fi nuna asalin takobin. Lanƙwasasshen takobin baraden Poland da ake kira husar, irin waɗanda Sarkin Poland Jan Sobieski ya jagoranta a yaƙin Vienna na 1683, yana da ƙarfe mai kare yatsu da ɗan zobe da ake zura babban yatsa, wanda ke ba mahayi damar juya sara cikin hanzari. A ganina, nan ya kamata ka fara dubawa.