Tambayoyinku: Yaushe Ya Dace In Nemi Izinin Zama Na Dindindin A Birtaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birtaniya, kuma shekarata shida ke nan a ƙasar: shekara ɗaya da rabi da bizar karatu, huɗu da rabi da bizar aiki. Maigidana ya iso shekara biyu da suka wuce. Wasu abokan aikina sun ce tuni na cancanci izinin zama na dindindin, wasu kuma sun ce in dakata har albashina ya ƙaru ko mu sayi gida. Ga shi mahaifiyata ba ta da lafiya, ina son in je in yi jinyarta na wata uku. Yaushe ya kamata in miƙa takarduna, kuma me zan yi don kada a ƙi su?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alherin niyyarki.

Duka ɓangarorin biyu ba su faɗa miki daidai ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ba ta lissafi daga ranar da ƙafarki ta taka ƙasar, tana duba irin bizar da kika zauna da ita ne. A hanyar masu bizar aiki ana buƙatar shekara biyar a jere, kuma zaman da aka yi da bizar karatu ba ya shiga ciki, ko da yake yana shiga lissafin wata hanya ta daban, wato ta waɗanda suka shekara goma bisa doka. Saboda haka saura miki kimanin wata shida. Ki duba ranar da aka amince da bizar aikinki ta farko, ki ƙara shekara biyar, sannan ki cire kwana 28, domin wannan ce rana mafi kusa da aka yarda ki miƙa. Wanda ya yi gaggawa ya riga wannan rana yana iya rasa buƙatarsa da kuɗinsa gaba ɗaya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, don a watan Afrilun 2025 ya kai fam 3,029 ga kowane mutum.

Masu cewa ki jira kuwa, da alama sun ɗauka ana fifita mai hali ne a kan marar hali. A wannan hanya sharuɗɗa ne a rubuce: wanda ya cika su ya cika, kuma mallakar gida ba ta cikinsu. Abin da ake nema shi ne asibitin da ya ɗauki nauyinki ya rubuta cewa har yanzu yana buƙatarki, kuma albashinki bai gaza abin da aka ƙayyade wa irin aikinki ba. Jinkiri bayan cikar wa'adi haɗari ne kawai, a ganina, saboda dokokin shige da fice suna sauyawa da sauri. A watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta mayar da wa'adin ya koma shekara goma ga mutane da yawa, don haka wajibi ne ki karanta ƙa'idar da ke aiki a shafin gwamnati kafin ki tsayar da rana. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Maganar tafiya ita ce ta fi damuna, kuma a nan nake so ki nutsu. Ƙa'idar ita ce kada ki wuce kwana 180 a wajen ƙasar a cikin kowane wata goma sha biyu. Mutane da yawa suna ɗauka daga Janairu zuwa Disamba ake nufi, alhali kuwa duk wata goma sha biyun da jami'i ya ɗauka a jere, daga kowace rana ya fara, kada lissafin ya wuce haka. Wata uku kusan kwana casa'in ne, ba zai karya miki zama ba shi kaɗai, amma idan kin yi wata doguwar tafiya a 'yan watannin baya, sai ki haɗa su ki gani. Ki fito da fasfo da tikitocin jirgi ki rubuta kowace fita da kowace dawowa, ki kuma karɓi takardar amincewar hutunki daga wurin aiki. Akan yi sassauci idan rashin lafiya mai barazana ga rai ta sami dangi na kusa, sai dai ana neman takardun likita, don haka ki adana duk abin da asibitin Mama ya bayar. Abu mafi muhimmanci shi ne ki je ki dawo kafin ki miƙa, domin wanda ya bar yankin Birtaniya da Ayilan alhali ba a yanke hukunci ba, ana ɗaukarsa ya janye buƙatarsa, kuma hukuncin yana iya ɗaukar har wata shida.

Kafin tafiyar, ki rubuta jarrabawar sanin rayuwa a Birtaniya, mai tambayoyi 24 cikin minti 45, wadda ake ci da amsa 18 daidai. Ki kuma tabbatar bizarki ba za ta ƙare kafin ranar miƙawa ba; idan za ta ƙare, ki sabunta tun da wuri, saboda matuƙar an miƙa buƙata kafin ƙarewar biza, doka tana ci gaba da kare zaman mutum har a amsa masa. Sannan ki daidaita takardun albashi da bayanan banki da na haraji su faɗi abu ɗaya, kuma duk wata tara ko shari'a da aka tambaya ki bayyana ta komai ƙanƙantarta, don ɓoyewa ta fi laifin kansa illa a wajen jami'ai.

Game da maigidanki, lissafinsa daban yake da naki. Shi ma sai ya cika shekara biyar a matsayin mijin mai bizar aiki, wato da sauransa kimanin shekara uku, kuma zai ci gaba da sabunta bizarsa ko bayan kin sami naki izinin. Ku tanadi kuɗin sabuntawar tun yanzu, kuma idan kuna buƙatar mai duba muku takardu, ku nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da rajistar hukuma.