Hotunan wayata suna fitowa dishi-dishi, ina mafita?

Malam kafin ka ɗora wa wayar laifi fara goge gilashin kyamarar da gefen riga tukuna, sau tari maiƙon hannu ne kawai wallahi. Sai maganar rana, kar ka tsayar da mutum tana bayansa, fuskar baƙi ƙirin za ta fito, kai ne za ka juya mata baya. Ni dai na fi son bayan la'asar, hasken ya yi laushi babu mai yamutsa fuska. Zumin kuma rabu da shi, fasa hoto yake, gara ka taka ka matso. In za ka ɗauka dangwala fuskar a sikirin tukuna, ka manne gwiwar hannu a jikinka kar wayar ta girgiza.