Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Baƙar Fata Na Hana Mutum Cin Zaɓen Fidda Gwani a Amurka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wanga fili. Satin nan saƙonnin da anka turo kusan duk siyasa ce, to na tsamo huɗu da sunka yi kama da juna in amsa su tare. Masu tambayar aure da na gado ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Danfodiyo, ina zaune Runjin Sambo. Gardama munka yi a majalisarmu har muna neman ɓatawa, wani abokina ya ce a Amurka jam'iyya ba ta son ba baƙar fata tikiti don sun san turawa ba za su zaɓe shi ba, ni kuma na ce to Obama fa daga sama ya faɗo? Ya ce ai Obama sa'a ce kawai. Don Allah Malam a raba mu.

AMSA: Ɗana, kai da abokinka kowa ya riƙo ƙafa ɗaya ta akuyar, amma bari in fara da gyara wani abu. Can ba uwar jam'iyya ke zama a ɗaki ta ba mutum tikiti ba. Jiha-jiha ake bi wata da watanni, talakawa su fito su yi zaɓe, kowane ɗan takara ya riƙa tara daliget gwargwadon ƙuri'unsa, har a je babban taro da damina a ƙirga. Don haka in ka ji an ce "wane ba zai ci ba", ba shugaban jam'iyya kaɗai ke faɗi ba, mai ƙuri'a ne da kansa ke wanga lissafi a zuciyarsa. Yana son wane, amma yana tsoron maƙwabcinsa ba zai zaɓi wane ba ranar babban zaɓe, sai ya bar wanda yake so ya bi wanda yake zaton maƙwabcin zai iya haɗiyewa. Maganar duk a nan take, mutum na jefa ƙuri'a da zuciyar wani wanda bai ma tambaya ba.

Kuma abin da zai ba ka mamaki, a 2007 su kansu baƙaƙen fatar Amurka da yawa Hillary Clinton sunka fi karkata gare ta a ƙuri'un jin ra'ayi, ba Obama ba. Ba ƙinsa suke ba, sun dai ga jiya ne. Sun ga Shirley Chisholm ta nemi tikitin Demokrat a 1972 ba ta kai labari ba, sun ga Jesse Jackson ya fito a 1984 ya sake fitowa a 1988, karo na biyun ma ya samu ƙuri'a kusan miliyan 7 har ya ci jihar Mishigan, amma Michael Dukakis ya ɗauke tikitin. Ga shi baƙar fata ba su wuce kamar kashi 13 cikin ɗari na ƙasar ba, ko duk sun taru a bayan mutum ɗaya ba su isa su kai shi ba. To tsohuwar da ta ga wannan duka ka ce mata ta zuba ƙuri'arta ga yaro ɗan shekara 46 wanda ubansa ɗan Kenya ne kuma sunansa na tsakiya Husaini, ai sai ta ce maka ɗan nan ka rufa mani asiri.

Abin da ya juya lamarin shi ne Ayowa, ran 3 ga Janairu 2008. Jiha ce ta manoman masara, a lokacin fiye da kashi 90 cikin ɗari farar fata ne, kuma ita ce ta fara zaɓe a shekarar. Salon zaɓen nasu ma na lokacin zai tuna ma dattawanmu ƙato bayan ƙato na zamanin Babangida, don da dare ake taruwa a makarantu da ɗakunan taro cikin sanyin ƙanƙara, magoya bayan kowane ɗan takara su tsaya kusurwa guda kowa na kallon kowa, wanda bai kai kashi 15 ba mutanensa su watse su koma wajen wani. A haka, a bainar jama'a, Obama ya samu kusan kashi 38, John Edwards ya zo na biyu, Hillary ta uku. Turawa sun tsaya bayansa ido na ganin ido. Sati uku bayan nan anka je Karolina ta Kudu inda baƙar fata ne kusan rabin masu zaɓen Demokrat, ya kwashe kashi 55, kuma cikin baƙar fata kamar takwas a kowane goma shi sunka yi. Mutumin bai canza ba cikin sati ukun nan, fatarsa na nan yadda take, manufofinsa na nan, abin da ya canza kawai zaton da ake ma turawa ne.

Amma kada ka tafi majalisa kana kirari tukuna, don abokinka ma yana da abin faɗi. Ranar zaɓen Karolina ta Kudu Bill Clinton ya tuna ma 'yan jarida cewa ai Jesse Jackson ma ya ci jihar sau biyu, wanda kowa ya gane nufin, wato wannan ɗan takarar baƙaƙe ne kawai. A watan Maris anka tono wa'azozin limamin cocinsa Jeremiah Wright ana ta nunawa a talabijin, dole sai da Obama ya tsaya a Filadelfiya ya yi jawabi sukutum a kan launin fata. A watan Mayu Hillary ta lallasa shi a Bajiniya ta Yamma da tazarar kashi kamar 40, jiha ce ta turawa masu haƙar kwal, kuma ita kanta ta fito tana cewa turawa 'yan ƙwadago sun fi bin ta. Sai a Yuni ta janye. Wariyar tana nan ba ƙarya ba ce, kuskuren masu lissafi shi ne girman da sunka ba ta. A Nuwamba Obama ya kada John McCain da ƙuri'ar wakilan jihohi 365 da 173, har da Bajiniya da Indiyana waɗanda rabon Demokrat da su tun 1964. Wanda ya yi haka kuma ya maimaita a 2012 ba a ce masa mai sa'a, ka faɗa ma abokinka in ji ni.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce a Mabera. Na ji a rediyo an ce turawa kan yi ƙarya in an tambaye su wa za su zaɓa, su ce baƙar fata don kunya, in sun shiga rumfa su yi wani abu daban. Gaskiya ne?

AMSA: Malama, maganar na da asali. A 1982 Tom Bradley, baƙar fata kuma magajin garin Los Anjelis, ya nemi gwamnan Kalifoniya, ƙuri'un jin ra'ayi na nuna shi ke gaba, da anka ƙirga sai ga George Deukmejian ya ci da ƙyar. Tun daga nan anka laƙa ma abin sunan Bradley. A 1989 ma Douglas Wilder ya ci gwamnan Bajiniya amma da tazara ƙanƙanuwa ƙwarai, ƙasa da yadda anka yi hasashe. Sai dai a babban zaɓen 2008 abin bai bayyana ba, abin da anka yi hasashe ma Obama kusan shi ya samu. Mu da mun ka san mai cin shinkafar wannan jam'iyya da rana ya dangwala ma waccan da safe, ai bai kamata abin ya ba mu mamaki ba.

TAMBAYA: Ranka shi daɗe, ɗan kasuwa ne ni a Tsohuwar Kasuwa. In dai Obama ya buɗe ƙofa, mi ya sa a 2020 baƙaƙen Amurka sunka bar nasu sunka bi tsoho bature Biden? Wannan ba ƙin jini ba ne irin namu na baƙar fata?

AMSA: Alhaji, a'a, kada mu yi masu wanga fassara. Da fari dai kafin a fara jefa ƙuri'a ma 'yan takarar baƙar fata manya biyu sun riga sun fita, Kamala Harris ta janye a Disamba 2019 kuɗin kamfen sun ƙare mata, Cory Booker ya bi bayanta a Janairu 2020. Kana iya cewa ai rashin goyon bayan nasu ne ya fidda su, kuma da gaskiyarka a nan, amma dalilin shi ne dai wancan tsoro na 2007 ya dawo, wannan karon ma ya fi ƙarfi don Trump ke kan kujera kuma babu abin da suke so irin su ga bayansa. Sai sunka duba sunka ce wa turawan Mishigan da Wiskonsin da Fensilbeniya za su iya yarda da shi, sunka ga Biden, wanda kuma sun san shi don shekara 8 ya yi yana mataimakin Obama bai taɓa yi masa ƙafar ungulu ba. Biden ya zo na huɗu a Ayowa, na biyar a Niyu Hamsha, mutane har sun fara yi masa ta'aziyya, sai dattijon ɗan majalisa Jim Clyburn, baƙar fata ɗan Karolina ta Kudu, ya ɗaga hannunsa kwana uku kafin zaɓen Karolina ta Kudu na 29 ga Fabrairu, ya ci jihar da babbar tazara, cikin 'yan kwanaki sauran 'yan takara sunka yi ta janye masa.

To ka ga a 2020 lissafin tsoro ya biya, tunda Biden ya ci. A 2008 da an bi shi da an yi asarar Obama. Shi ya sa ni ba na yarda da duk wanda zai buga ƙirji ya ce ya san wanda "zai iya ci", bayan an gama ƙirga ne kowa ke zama boka. Ko Harris da ta sha kaye a 2024, 226 da 312 na Trump, ba ta zaɓen fidda gwani ta samu tikitin ba, Biden ne ya janye a Yuli anka miƙa mata saura wata uku da 'yan kwanaki, ga tsadar rayuwa da mutane ke kuka da ita, don haka mai cewa fatarta ce ko kasancewarta mace ce kaɗai ta kada ta, ya ɗauki abu ɗaya ne ya bar goma.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni daga Bodinga nake. Mu da duk baƙaƙe ne, wannan magana ta shafe mu kuwa?

AMSA: Ɗana ai mu munka fi kowa iya ta, sai dai mu ba fata muke dubawa ba, ƙabila da addini da shiyya muke dubawa, kuma mun ma ba abin suna mai daɗi, karɓa-karɓa. Tsarin mulki kansa ya ce sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, ƙa'idar da ta kai namu Alhaji Shehu Shagari har Kotun Ƙoli a 1979 ana ta lissafin sha biyu da biyu bisa uku na jihohi 19. To tunda doka ta tilasta ma ka neman ƙuri'ar wanda ba yarenku ɗaya ba, dole daliget ya tambayi kansa ko wanga mutum zai sayu a can. Tambayar ba laifi ba ce. Inda laifin yake shi ne a maida ta sanda a riƙa korar mutum tun bai gwada ba, yau a ce Ibo ba zai ci a Arewa ba, gobe a ce ɗan ƙaramar ƙabila ko Kiristan Arewa kada ma ya sayi fom.

Mu tuna abin da ya faru a gaban idonmu. Ran 28 ga Mayu 2022 a Abuja, gwamnanmu na lokacin Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari ya janye ma Atiku, Atiku ya samu 371 Wike ya samu 237, kuma kowa ya san lissafin shiyya ne da na wa zai iya kawo ƙuri'ar Arewa. Mi ya biyo baya? Wike da gwamnoni huɗu sunka yi ma jam'iyyar tawaye, Peter Obi kuma dama ya fice kwanaki kaɗan kafin taron ya tafi Leba, ya je ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 har ya kada Tinubu a Legas, alhali ana cewa ba shi da ko kansila. A APC kuma da Tinubu ya ci tikiti da 1,271 ya ɗauko Kashim Shettima, an yi ta rantsuwa cewa Musulmi da Musulmi ba za ta ci ba a Najeriyar yau, ta ci. Nan Sakkwato ma da anka ɗauka gidan Atiku ce, tazarar da ya ba Tinubu ba ta kai ƙuri'a dubu biyar ba. In ka koma 1993 kuwa, Abiola Bayarabe ya kada Bashir Tofa a Kano, jihar Tofan kansa.

Bambancinmu da Amurka guda ɗaya ne da ke ci mani tuwo a ƙwarya. Su suna da inda ake gwada zaton, jiha ɗaya ta yi zaɓe sauran su gani su gyara lissafi, kamar yadda Ayowa ta yi ma Obama. Mu a 2022 daliget ɗin PDP ba su kai 800 ba, na APC dubu biyu da 'yan kai, an tara su Abuja a otal-otal dare ɗaya an gama, kuma ba sai na faɗa maka da wane irin kuɗi ake gaisawa a ɗakunan nan ba, kai ma kana jin labari. Mutumin Bodinga ba a tambaye shi ko zai iya zaɓen ɗan Inugu ba, an dai amsa a madadinsa.

Wanda ya turo tambaya daga Illela kan yadda ake ƙirga ƙuri'ar wakilan jihohi 538 ta Amurka, na gani, tana da tsawo ne, ita za mu fara da ita mako mai zuwa in sha Allahu.