Tsarkiyar kusu: shukarta, shanta, da waɗanda bai kamata su sha ba

Damina ta zauna, tsarkiyar kusu ta cika bakin fadamu daga Garwa har Ngaundere, tambayoyi a kanta kuma sun taru a wurina. Ita ce ciyawar nan mai doguwar wutsiya siririya, da 'yan furanni shuɗaye da ke buɗewa biyu-uku a jikin wutsiyar. Masu Faransanci na ce mata "verveine", amma ganyen shayin da ake sayarwa a kanti da wannan suna wata shuka ce dabam.

Tambaya: Likita, ina so in shuka ta a bayan gida don mu huta da tsinko ta a daji. Yaya zan yi? Daga wani magidanci a Pitowa.

Malam, ka yi dabara, domin wadda ake tsinka a bakin kwata ko gefen gonar auduga ta sha ƙazanta da feshin maganin ƙwari. Ka nemi wutsiyar da ta bushe, ka murje ta a tafin hannu, ƙananan 'ya'yan za su zubo. Ka watsa su a kan ƙasa mai laima da ɗan taki, ka yayyafa ƙasa kaɗan kawai, kada ka binne su. In kana sauri, yanki reshe kamar taƙi ɗaya ka dasa, yana kamawa. Tana son rana da danshi, saboda haka a zafin Maris da Afrilu sai da ban ruwa. Ka riƙa datse wutsiyoyin kafin su zubar da iri, in ba haka ba za ta mamaye maka fili. Ganyen kuwa a inuwa ake shanya shi.

Abin da ya fi damu na shi ne a ɗauko karkashin ƙorama a madadinta. Wuri ɗaya suke fitowa. Wutsiyar karkashin ƙorama a naɗe take a ƙarshe kamar ta kunama, ganyenta da gashi, kuma tana ɗauke da guba mai lalata hanta a hankali. Ta tsarkiyar kusu doguwa ce ba naɗi, ganyenta da haƙora a gefe kamar zarto.

Tambaya: Ɗana mai shekara 3 yana zazzaɓi tun shekaranjiya. Kakarsa na dafa masa ganyen, jikin yakan yi sanyi ya sake ɗaukar zafi. In ci gaba? Daga wata uwa a Marwa.

'Yar uwa, ki goya shi ki kai shi asibiti yau ɗin nan. Haka zazzaɓin cizon sauro yake, ya sauka ya hau ko an sha ganye ko ba a sha ba, shi ya sa ake zaton maganin na aiki alhali ƙwayar cutar na cinye jinin yaron. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti 15 an ga sakamako, maganin kuma na kwana 3 ne. Tun 2011 gwamnatin Kamaru ta mayar da maganin zazzaɓin da bai yi tsanani ba kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. In ya fara sanƙarewa, ko ya ƙi shan komai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko cikin dare ne kada ki jira gari ya waye.

Kada kuma ki yi musu da Inna. Ƙauna ce ta sa ta hura wutar, ita ma da haka aka rene ta. Ki ce mata ta raka ki ta ga gwajin da idonta. Na lura kakar da ta gani sau ɗaya ita ke fara cewa a tafi asibiti a gaba. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina suka zo ƙofarku, wanda ake yi a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, ki tabbata ya shanye na kwana ukun kowane wata.

Tambaya: Ina da ciki wata 2, an ce in sha don tashin zuciya. Daga wata amarya a Kuseri.

Amarya, a'a. A ƙasashe da dama mata na shan wannan ganye ne don saukar da jinin al'ada, abin da ke yin haka kuwa bai dace da ƙaramin ciki ba. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki ɗan tauna busasshen burodi kafin ki tashi da safe, ki fara zuwa awo. Maganin ƙarin jinin da za a ba ki kuma kada ki kora shi da shayi, shayi na rage shigarsa jiki.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini kullum. Zan iya ajiye shi in koma ganyen? Daga wani dattijo a Garwa.

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kada ka ajiye. A jikin dabbobi aka ga tsarkiyar kusu tana saukar da hawan jini, ba a kuma tsayar da awon da mutum zai sha ba. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. In kana marmarinta, kofi ɗaya mara kauri jefi-jefi, ka gaya wa mai duba ka, in kuwa ka ji jiri lokacin miƙewa ka dakata ka je a auna ka.