Amsa ga mai shagon wanka da askin dabbobi da ake saɓa wa alƙawari

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a sabon shago. Kin ce kina yi wa maguna da karnuka wanka da aski a Gwarinpa, mutane su kama lokaci su ƙi zuwa, ba waya ba saƙo, kuma kina tambaya ko ki biya kuɗin manhajar da ke tura tunatarwa da kanta. Ni ma sana'ata ke nan a nan Abuja, kuma na san zafin abin. An ɗumama ruwa, an tada janareta saboda na'urar busar da gashi, yarinyar da ke taya ki ta biya kuɗin mota tun daga Mararaba, sai ku zauna kuna kallon ƙofa.

Shawarata kada ki sayi komai tukuna. Abin da ya rage min wannan matsala shi ne gano wanda ya kamata a tuna wa, da kuma tura saƙon da dole a amsa shi.

A garin nan wanda ya kama lokaci sau da yawa ba shi ke kawo dabbar ba. Hajiya ce ta yi magana da ke, amma ranar tana ofis, direba ne zai kawo magen. In kare ne, galibi maigadi ko yaron gida. Ki tura wa Hajiya saƙo ta gani ta ce "to", ta shiga taro, direba bai san da zancen ba. Don haka tun ranar da ake kama lokaci nake tambaya, "Wa zai kawo ta?" Sai in nemi izinin karɓar lambarsa. Shi kuma ba rubutu nake masa ba, kiransa nake yi ko in bar masa saƙon murya da harshen da ya fi ji, domin wasu ƙaramar waya ce a hannunsu, ba WhatsApp a ciki.

Saƙon da nake turawa ana gobe, bayan la'asar, kusan haka yake: "Barka da yamma Hajiya. Gobe Talata ƙarfe 10 na safe muna jiran Mimi, wanka da yanke farce. Don Allah a amsa mana da E in ana zuwa. In wani uzuri ya taso ba komai, a faɗa mana mu sauya rana. In ba mu ji daga gare ku ba zuwa ƙarfe 8 na dare, za mu ba wani gurbin." Ki lura da sunan magen a ciki, mutum ya fi saurin buɗe saƙon da ya ga sunan dabbarsa. Ki kuma lura da "ba komai" ɗin nan, don a ganina ita ce ta fi aiki. Mutanenmu suna da kunya. Wanda ya san ba zai samu zuwa ba yana jin nauyin faɗa, sai ya zaɓi shiru, bayan ya saɓa kuma kunyar ta hana shi dawowa gaba ɗaya. In kin buɗe masa ƙofar fasawa cikin mutunci zai faɗa miki da wuri, ke kuma ki kira na gaba a jerin masu jira. Ki riƙa ajiye irin wannan jerin, musamman na makwabta da za su iya isowa cikin rabin awa.

Akwai wani dalilin da ban taɓa ganin manhaja ta yi tunaninsa ba. Mage tana ganin an ɗauko kejinta ta shige ƙarƙashin gado ko bayan firij. Direba na tsaye a waje, yara na rarrafe da tsintsiya, lokaci ya wuce, sai a haƙura. Shi ya sa nake ƙara layi ɗaya ga masu maguna: a fito da kejin tun dare a ajiye shi a buɗe, da safe kuma a rufe ta a ɗaki guda awa ɗaya kafin tafiya. Ga sabbin zuwa ina tuna musu su zo da katin rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, don kada su iso in mayar da su.

Lokacin da kike ba mutum ma yana da hannu a ciki. Ba na sa kowa tsakanin ƙarfe 12 da 3 ranar Juma'a. Wanda zai taso daga Kubwa ko Nyanya ba na ba shi sassafe ranar aiki, cunkoson hanya zai cinye lokacin. Da azumi safiya ta fi, yamma kowa hankalinsa na kan buɗa-baki.

Batun kayan aiki kuwa, WhatsApp Business ya ishe ki, kuma kyauta ne. Ki ajiye saƙon a wurin amsoshin gaggawa, kina danna alamar / zai fito, sai ki canza suna da lokaci. Ki yi wa mutane lakabi: waɗanda suka tabbatar, waɗanda ba su amsa ba, waɗanda suka taɓa saɓawa. Ranakun kuma ki sa su a Google Calendar ko a littafi, duk wanda hannunki ya fi sabawa da shi. Hattara da tura saƙo ɗaya ga jama'a a lokaci guda. Jerin da WhatsApp ke tura irin wannan saƙon da shi, wato broadcast, ba ya wuce mutum 256, kuma wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba, ke kina nan kina zaton kin tuna masa. Kada kuma ki tara kwastomomi a guruf guda kowa na ganin lambar kowa. Masu gida ba sa so, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023.

Maganar kafin alƙalami, ba kowa nake nema wa ba. Sai aikin da zai ci rabin yini, ko wanda ya saɓa sau biyu bai ce komai ba. Ina gaya masa a fili cewa kuɗin na cikin kuɗin aiki, in ya sanar ana gobe za a mayar masa da shi kan wata ranar. Wasu za su ji haushi su tafi. Na yarda da hakan, domin gurbin da suke riƙewa akwai mai bukatarsa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci ya wuce kuɗi. Magen Farisa ko karen Lhasa, masu dogon gashin nan, in aka tsallake musu zuwa ɗaya, gashin bayan kunne da na hammata sai ya dunƙule ya manne da fata kamar tabarma. Mataji ba ya shiga, dabbar na kuka in an taɓa wurin, a ƙarƙashi kuma danshi da kaska ke ɓuya, musamman da damina. Daga nan ba abin yi sai a aske shi ƙwal. Ina nuna wa mai ita dunƙulen a tafin hannuna, in ce wannan zuwan da ya kamata a yi duk mako 4 zuwa 6 ne ya zama wata 3. Wanda ya gani da idonsa da wuya ya sake wasa da ranarsa. A nan take, kafin su fita, nake sa musu rana ta gaba.

In aiki ya yi miki yawa har tura saƙon yamma ya gagara, a lokacin ki duba manhaja. Ki tambayi masu manhajar ko amsar kwastoma tana dawowa wayarki, da kuma ko tes ɗinsu yana shiga layukan da suka toshe saƙon talla, domin tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ba mutane damar yin hakan ta lambar 2442, kuma da yawa sun yi. Ki tambayi ko da naira ake biya ko da dala. Kafin nan ki gwada na hannu tsawon wata guda, kina rubuta dalilin duk wanda bai zo ba, sai ki dawo ki faɗa mana wanne ya fi yawa a wajenki.