Kun Tambaya, Mun Amsa: Fitilar LED da Matatar Ruwa a Tankin Murjani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, ina son in haɗa masa fitilar LED da hannuna don kiwon murjani. Ƙwayoyi nawa zan saya, kuma wane launi? Wani ya ce mini fara mai ƙarfi ta wadatar, tunda ita ce ta yi kama da hasken rana.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ba ka wannan shawarar daga tudu ya kalli rana, bai kalle ta daga ƙarƙashin ruwa ba. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nitsawa can ƙasa inda murjani yake. Shi kuwa murjani dabba ne, amma a cikin namansa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da masana ke kira zooxanthellae. Su ne ke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, kuma hasken da ya fi yi musu amfani shi ne shuɗi, wajen nanomita 420 zuwa 470 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke nuna launinsa). Idan ka sa fara zalla, idonka zai ga tanki ya haskaka, amma murjanin zai koma ruwan ƙasa-ƙasa, koriyar gansakuka kuma ta samu wurin zama.

Tankinka yana cin lita 300. In murjani masu laushi ne da masu manyan baki za ka ajiye, ƙwayoyi 36 masu wat 3 sun isa: 24 shuɗi mai duhu na nanomita 450, sai 12 farare masu 6500K. Biyu bisa ɗaya ke nan. In kana so launukan murjanin su fito sosai, ƙara guda 6 masu ruwan shunayya na nanomita 410 zuwa 420. Ja da kore ba dole ba ne, kuma in sun yi yawa gansakuka kawai suke ciyarwa. Sayi ƙwayoyin da aka riga aka ɗora a kan ɗan faifan alminiyum mai kamar tauraro, irin na Cree ko Luxeon, domin su ne ake samun takardar bayaninsu, ka san ainihin wutar da suke ɗauka.

Yanzu lissafin wuta, kuma a nan ne yawancin masu haɗawa ke zamewa. LED ba ya son a haɗa shi kai tsaye da abin ba da wuta, sai ta hannun direba mai tsayar da ƙarfin wutar da ke ratsa shi. Kowace ƙwaya tana cin kimanin bolt 3.2 idan ana ba ta miliamfa 700. Ka jera 12 a layi ɗaya, ƙafar fita ta wannan zuwa ƙafar shiga ta waccan, jimla bolt 38.4 ke nan. Direba irin Mean Well LDD-700H yana buƙatar rarar kimanin bolt 3 a kan abin da layin ke ci, saboda haka abin ba da wuta mai bolt 48 zai ɗauke shi cikin sauƙi. Layi uku, direba uku: biyu na shuɗi, ɗaya na fari. Masu ruwan shunayya ka ba su nasu direban mai miliamfa 500, don ba su da juriyar sauran. Duka-duka wutar ba za ta kai wat 100 ba, amma ka sayi abin ba da wuta mai wat 150, kada ya riƙa aiki a kan iyakarsa.

Wajen ɗorawa, kada ka ware shuɗi gefe guda fari gefe guda. Cakuɗa su rukuni-rukuni, kusa da juna, in ba haka ba za ka ga inuwoyi kala-kala suna rawa a kan yashi. Da zurfin santimita 50, gilashin tattara haske mai digiri 90 ya yi. Mai digiri 60 na tanki mai zurfi ne, a naka zai yi ta huda haske wuri ɗaya ya bar gefe da duhu. Rataye fitilar santimita 20 zuwa 25 a saman ruwa.

Tambaya: Malamai, ni na riga na haɗa tawa. Wata biyu kacal hasken ya dushe, yanzu kuma layi guda ya mutu gaba ɗaya. A kan farantin alminiyum na manna su, kuma na haɗa layi biyu a kan direba ɗaya don rage kashe kuɗi.

Amsa: Malam, araha ba ta ado. Laifi biyu ne a nan, kuma kowanne kaɗai ya isa ya kashe fitila.

Na farko zafi. Kowace ƙwaya tana jan sama da wat 2, kuma wajen rabinsa ko fiye zafi yake zama, yana taruwa a ɗan wurin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Farantin alminiyum shafal ba zai iya kwashe shi ba. Ana buƙatar mai haƙarƙari a baya, wanda iska ke ratsawa, da fanka mai bolt 12 tana hura shi. Tsakanin ƙwayar da alminiyum a shafa man isar da zafi siriri, kamar kaurin takarda, sannan a ɗaure da kusoshi. Man in ya yi kauri, shi kansa ya zama bargo. Gwaji mai sauƙi: bayan awa guda fitila na ci, ɗora tafin hannunka a kan alminiyum. In ba za ka iya barinsa a kai ba, ya wuce digiri 50 zuwa 60, kuma ƙwayoyin na dahuwa a hankali. Dushewar da ka gani ke nan.

Na biyu shi ne layi biyu a direba ɗaya. Wuta ba ta rabuwa daidai a tsakaninsu. Layin da ya fi ɗumi yana ƙara jan wuta, jan wutar na ƙara masa zafi, haka dai har ƙwaya ɗaya ta yanke. Tana yankewa, duk wutar layi biyu sai ta koma kan wanda ya rage. Ka kashe fitilar yanzu kafin shi ma ya bi sahu.

Don gano wadda ta mutu, cire wuta, ka bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da batir biyu masu bolt 1.5 a jere. Mai rai za ta ɗan yi haske. Ka kuma sa mita ka duba ko dalmar da ka liƙa waya da ita ta taɓa jikin alminiyum, domin ɗigo ɗaya ya isa ya gajarce layi. Sannan ka riƙe wannan: ba a jona ƙwayoyi a jikin direban da ke da wuta. A haɗa komai tukuna, sannan a kunna. In kuma da Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori, kake rage haske, sa rezista mai om 10,000 tsakanin ƙafar rage hasken direban da wayar ƙasa (GND), saboda irin wannan direban in ya rasa umarni, cikakken haske yake sakewa. Ƙarshe, sa faifan roba mai haske a ƙarƙashin fitilar. Feshin ruwan gishiri yana bushewa ya bar farin ɓawo, ɓawon kuma yana cin dalma da waya.

Tambaya: Na canza tsohuwar fitilata da sabuwar LED, cikin kwana goma murjanina sun fara yin fari fat. Ni a idona ma sabuwar ba ta kai tsohuwar haske ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ido ba ma'auni ba ne a nan. Idon ɗan Adam yana da rauni wajen ganin shuɗi mai duhu, sai fitila ta yi miki kamar dishi-dishi alhali tana ƙona murjani. Idan haske ya yi masa yawa farat ɗaya, yakan kori waɗannan halittun da ke cikin namansa, sai farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna muddin akwai nama a jikinsa. Rage hasken zuwa kashi 30 cikin 100, ki sauko da waɗanda abin ya fi shafa zuwa ƙasan tanki, ki riƙa ƙara kashi 5 duk mako. Farfaɗowa na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. In za ki samu aron mitar auna PAR, wato yawan hasken da waɗannan halittun ke iya sarrafawa, to ita ce alƙali: masu laushi da masu manyan baki suna jin daɗi tsakanin 50 da 150, masu rassa da ƙananan baki irin Acropora suna son 200 zuwa 350. Awa 8 zuwa 10 a rana ya wadatar. Ki kuma duba zafin ruwan, don in ya haura digiri 28 ya daɗe a nan, shi ma yana jawo wannan farin. Tsakanin 24 da 26 ake so.

Tambaya: Ina shirin yin tankin tacewa a ƙarƙashin babban tankina mai lita 300. Yaya zan raba shi? Kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne, in wuta ta ɗauke ba zai yi ambaliya a ɗaki ba?

Amsa: Tsoronka na kan hanya, Malam, kuma da shi za mu fara, don shi ne ke yanke girman komai. Lokacin da famfon mayar da ruwa ya tsaya, ruwan sama yana ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin magudana. Bututun da ke kai ruwa sama shi ma yana juyewa ya koma zuƙo ruwa ƙasa har sai iska ta shige shi. A tanki mai santimita 120 da 50, kowane santimita ɗaya na ruwa lita 6 ne. In bakin bututunka ya nitse santimita 3, lita 18 za su sauko, ban da wanda ke cikin bututai. In ka nitsar da shi santimita 15, lita 90 ke nan, kuma a kan daɓen ɗakinka za su ƙare. Saboda haka bakin bututun ya tsaya dab da saman ruwa, a kuma huda masa ƙaramin rami mai milimita 3 ƙasa kaɗan da layin ruwa don iska ta karya zuƙar. Ramin yakan toshe da gishiri da gansakuka, sai an riƙa sosa shi. Bawul mai hana ruwa komawa kada ka dogara da shi kaɗai: ɗan ƙaramin dodon koɗi ko ƙwayar yashi ta maƙale a ciki, shi ke nan. Kafin ka sa kifi ko ɗaya, cire filogi da hannunka ka tsaya ka ga inda ruwa zai tsaya a tankin ƙasa, ka ja layi a gilashi inda ba za ka taɓa wucewa ba wajen cikawa.

Tankin ƙasa mai lita 80 zuwa 100 ya yi maka, amma ya riƙa aiki da ruwa wajen rabi ko ɗan sama da haka. Ɗaki uku za ka yi da faifan gilashi, ka liƙa da silikon wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin wannan maganin guba ne a tanki. Ɗakin farko nan ruwa ke faɗowa cikin jakar tacewa mai maikiron 200, nan kuma injin kumfa yake. Shi wannan injin yana cakuɗa ruwa da ƙananan kumfa, dattin da ya narke ya manne musu ya hau cikin kofi kafin ya ruɓe. Yana son zurfin ruwa tsayayye, galibi wajen santimita 20, gwargwadon abin da masu ƙera shi suka rubuta. Jakar kuwa a wanke ta duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba ita da kanta za ta koma masana'antar naitiret, sinadarin da ke fitowa daga ruɓaɓɓen datti.

Ɗaki na biyu na ciyawar ruwa ne irin Chaetomorpha, mai shanye naitiret da fosfet. Kunna mata 'yar fitilarta da dare lokacin da ta sama ke kashe, hakan na rage faɗuwar pH, wato ƙaruwar tsamin ruwa, kafin asuba. Tsakaninsa da ɗakin ƙarshe sa faifai uku, tazarar santimita 2.5, ruwa ya bi sama, ya bi ƙasa, ya sake bin sama, kumfa su tsaya a nan. Ɗakin ƙarshe na famfo ne. Lita 900 zuwa 1,500 a awa ya isa, bayan an cire abin da hawa sama ke ragewa. Motsin ruwan da murjani ke buƙata, ninki 20 zuwa 30 na girman tanki a awa, aikin ƙananan famfunan cikin tanki ne, ba na wannan ba.

Magudana kuwa ka yi ta da bututu biyu: ɗaya mai bawul da za ka daidaita har ya daina ƙugi, ɗayan a buɗe, ɗan sama da shi, yana jiran ranar da na farko zai toshe. Duk na PVC. Jan ƙarfe ko tagulla kada ya taɓa ruwan ko da a bawul ne, kaɗan daga cikinsa yana kashe murjani da jatan lande. Soket ɗinka ya kasance a sama, kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau gare shi don ɗigon ruwa ya zube a hanya, kuma a sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurare.

Tambaya: Ruwa na raguwa a ɗakin famfo kullum. Ruwan gishiri zan ƙara?

Amsa: A'a. Ruwa ne ke tashi ya zama tururi, gishirin yana nan. In ka ƙara mai gishiri, cikin 'yan makonni za ka wuce 1.025 zuwa 1.026 da ake so a ma'aunin gishiri. Ƙara ruwa zalla wanda ya bi ta matatar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, mitar auna dattin da ya narke na nuna sifili. Ruwan famfon gida yana ɗauke da kulorin, da fosfet, da silika, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu. Ruwan gishiri sai ranar canjin ruwa, kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu, a dama shi a wani mazubi daban ya narke sarai, zafinsa da gishirinsa su zo daidai da na tanki kafin a zuba.