Amsa: yadda za a kare gawo ba tare da rikici da makiyaya ba

Malam, ka ce ƙungiyarku a wajen Mirriya, a jihar Damagaram ta Nijar, na son raya gawo a gonaki, amma kuna tsoron faɗa da makiyaya. Ku fara da zama a ƙofar mai gari, da hardo da mata masu itace, ku kafa kwamiti. Kwamitin da babu makiyayi a cikinsa, da dare ake sare masa bishiyoyi.

Aikin kansa sassaben zamani ne, wato raya tsiron da ke fitowa daga kututture, ba dashe ba. Lokacin sharar gona, a kowane kututture a bar tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a cire sauran. A datse rassan ƙasa zuwa rabin tsayi da kaifaffen gatari, saran daga ƙasa zuwa sama, don saran daga sama zuwa ƙasa na ɓare ɓawo, tsiron ya lalace. A ɗaura ƙyalle don a san da mai shi.

Makiyayi ma yana da riba, ƴaƴan gawo abincin dabba ne da rani. Kada dai a ci burtali. Ranar sakin gonaki da diyyar ɓarna kuwa, a rubuta su gaban kwamitin filaye na gari, COFOB, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta Nijar ta 1993.